Daminar da Muka Kai Baba Likita

Tun da na yi wayo na tarar da Baba da ciwon ciki. A gidanmu ba a ɗauke shi cuta ba, an ɗauke shi kamar hali ne, yadda wani yake da saurin fushi, wani kuma nauyin barci. In aka ga ya zauna gindin rumbu ya dafe ƙasan ƙirjinsa, sai Inna ta ce, "Ku yi a hankali, cikin babanku ya tashi." Mu kuma mu kwashi wasanmu mu koma ƙofar gida. Jim kaɗan zai yi gyatsa biyu ko uku, ya miƙe, ya ɗauki hauyarsa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Cadawa. In mutum ya fita a ƙafa da sassafe, ba kaya a kansa, zai isa garin da hantsi. Gero muke nomawa da wake da gyaɗa. Kakanninmu daga wajen Katsina suka zo, kuma har lokacin ana zuwa ana dawowa, don iyakar ba ta hana kowa cin kasuwa ba.

Inna ba boka ba ce, amma duk wanda cikinsa ya dame shi a ƙauyen, gidanmu ake kawo shi. A wurinta ciwon ciki ba ɗaya ba ne. In yaro ya zo da tumbi a gaba, gashinsa ya yi ja, yana yawan sosa gindi, ta ce tsutsa ce, ta jiƙa masa sassaƙen maɗaci, a danne shi a ɗura masa. In kaka ta yi aka cika ciki da sabon wake, mutum ya kumbura yana nishi, kanwa ce da ruwan ɗumi. Farkon damina, lokacin da mutane suke barin rijiya su sha ruwan tabki, zawo da murɗa sukan bi gida-gida, ta yi ta dafa ganyen sabara tana dama kunu mai ruwa-ruwa. Mata masu ciwon mara takan ba su kimba da citta, ta ɗumama dutse a murhu, ta naɗe shi a tsumma su ɗora. Wanda bayan gida ya ƙi masa, tsamiya. Yawancinsu kwana biyu ko uku suke yi su warware, kuma ba zan rage mata wannan ba, ta sauƙaƙa wa mutane da yawa. Abin da ban taɓa jin ta faɗa ba a lokacin shi ne akwai ciwon cikin da ya fi ƙarfinta.

Na Baba takan kira shi ciwon yunwa, don in cikinsa ya zama wayam ne yake tashi. Yakan ce kamar an ajiye masa garwashi a ƙasan ƙirji. Watan azumi wahala ne gare shi, kafin la'asar ya yi laushi. Kullum da guntun kanwa a aljihun taguwarsa yana ɗan lasa. Miyarsa dabam ake yi, ba barkono. Akwai wata Bafillatana da take kawo mana nono daga rugarsu, in ya sha yakan samu lafawa har wuni guda. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, har mu da shi duk muka saba.

Shekarar da aka ce Turawan Faransa za su miƙa ƙasa, ina gida. An yi mini aure wani ƙauye wajen Sae Sabuwa, na dawo haihuwar fari, kuma bisa al'ada zan zauna wurin iyayena sai jaririyar ta yi ƙwari. Ina tsammanin shekarata sha takwas. Tun da ba na zuwa gona, ni ce nake wuni a gida, ni ce kuma na fara ganin abin da masu fita da shiga ba su lura da shi ba. Baba ba ya cinye tuwonsa. Zariyar wandonsa ta yi masa tsawo, sai ya zagaya ta sau biyu. Tafin hannunsa ya yi fari kamar ya taɓa gari. In ya hau rumbu ya ɗebo damin gero, sai ya zauna yana haki kafin ya iya magana. Kunun kanwar da ake dama mini na jego ya zama shi ne abincinsa, nakan rage masa rabi.

Wata safiya na ji yana amai bayan zana. Da ya tafi na je rufewa da ƙasa, na ga aman baƙi ne, kamar an dama garin gawayi a ruwa. Na gaya wa Inna tana tsaye bakin turmi. Ba ta ajiye taɓarya ba ta ce, "Dattin ciki ne yake fita. Ai gara ya fita." Sai bayan komai ya wuce ta gaya mini cewa tun bazara bayan gidansa baƙi ne ƙirin, mai danƙo, ita ma ta ɗauka dattin ne.

Akwai kuma ƙwayoyin. Wani ɗan koli da yake cin kasuwannin hayin iyaka ya kawo wasu fararen ƙwayoyi a ƙunshin takarda, ya ce maganin ciwon jiki ne. Baba yana fama da ƙugu tun da aka fara noma, ya saya. Yakan haɗiye biyu da asuba kafin ya sa komai a cikinsa, biyu kuma in ya dawo. Ya yi ta yabonsu, yana cewa ƙugunsa ya koma na saurayi.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu. Ruwa ya sauka sosai a shekarar, ciyawa tana tsere da gero. Da hantsi ina shanya tsummokin jaririya, sai ga yayana ya shigo da Baba a bayansa. Mu biyu ne muka rayu a 'ya'yan Inna, shi ne babba, shi ne kuma yake noma tare da Baba. Ya kwantar da shi a ɗaki, ya fito yana share zufa.

"Muna cikin noma na ji ya yi ƙara," in ji Yaya. "Na waiwaya na gan shi a durƙushe. Ya ce kamar an soka masa mashi."

Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda ya kwanta. Da, in ciwon ya tashi, yakan yi ta juyi, ya kifa cikinsa a kan matashi, wani lokaci ma ya ce Inna ta danna masa. Wannan karon ya kwanta rigingine, ya tattara gwiwoyinsa, bai ko motsa. Numfashinsa gajere ne, kamar yana tsoron ya ja shi har ƙasa. Inna ta kai hannu cikinsa, ya riƙe hannun. Ni ma na taɓa daga baya, lokacin da nake goge masa zufa. Cikin ya sandare kamar bayan akushi. Ya ce har a kafaɗarsa yake jin ciwon.

Inna ta jiƙa kanwa ta ba shi, ya amayar. Ta dafa sabara, ya amayar. Ta koma ta zauna bakin ƙofa tana kallonsa, na ga tana lissafa abin da ya rage mata a ƙwaryar magani.

Zuwa la'asar sai ya ce ya lafa. Ya nemi ruwa, ya tambayi Yaya ko saura yaya a gonar gabas. Duk muka saki jiki. Inna ta ce, "Na faɗa muku." Yaya ya ɗauki hauya ya koma, don ya ci ɗan abin da ya rage na rana.

Washegari cikin ya kumbura, jikinsa ya ɗauki zafi. Tun da ya faɗi bai zaga ba, ko iska ba ta fita masa. Aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho a gefen ciki, jini ya fito baƙi-baƙi, ya ce ga cutar nan. Liman ya aiko da rubutu. Maƙwabta suka yi ta leƙowa a kan hanyarsu ta gona, kowa da abin da ya taɓa yi wa wani nasa magani. Ni ina ta kai da kawo tsakanin murhu da ɗakin da jaririyar da ba ta yarda a ajiye ta.

Da rana na samu Inna ita kaɗai a madafa. Na ce, "Inna, wannan ba irin wanda ya saba ba ne."

"Ke kin san irin wanda ya saba? Tun ba a haife ki ba nake jinyar cikin ga."

"Ko a kai shi likita."

Ta dube ni, ta ci gaba da tura kara a wuta. Can ta ce, "Ki gaya wa yayanki."

Dole in faɗi abin da likita, wato asibiti, take nufi a wurinmu a lokacin. Abin da muka sani shi ne mutanen da suke zuwa da dogaran hakimi, a tara gari ƙarƙashin gawo, a tsaga wa kowa hannu a yi masa lamba ko yana so ko ba ya so. Sai kuma wani mutumin ƙauyen da ke kusa da mu da aka kai shi Maraɗi da gyambo, ya dawo ba ƙafa ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya ce ai da ransa ya dawo. Ƙafar ake tunawa.

Yaya ya dawo da magariba, ƙafafunsa duk taɓo. Na bari ya yi salla ya ci tuwo sannan na yi masa maganar. Ba fushi ya yi ba, gajiya ce kawai ta hau masa fuska.

"Wa zai ɗauke shi?" ya ce. "Ba ya iya zama kan jaki. Sai an samu mutum huɗu, kuma kowa ciyawa tana cin gonarsa. Ni kaɗai na rage a gonaki uku. In na bar su kwana biyu, mi za ku ci baɗi?"

Ashe Baba yana ji. Ya kira ni daga ɗaki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, zo nan." Na durƙusa gefen gadon. "Na fi shekara ashirin da abin ga. Na san shi. Gobe zai sake ni. Kar ki sa a ɗauke ni a kai ni inda za a feɗe ni kamar rago."

Ba a yi mana tarbiyyar musu da uba ba, balle yana kwance. Na gyara masa mayafi na fito.

Kwana na uku shaƙuwa ta kama shi, ba ta tsayawa. Idanunsa suka faɗa. Ya fara magana da ƙanensa da ya rasu tun ina ƙarama, yana ce masa ya kore awaki daga cikin wake. Yaya ya tsaya bakin ƙofa ya saurara, ya fita. Daga masallaci ya bi gida-gida har ya samu mutum uku. Suka ɗaure gadon kara a kan sanduna biyu, aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora Baba. Wannan karon ba a tambaye shi ba, shi ma bai san ana yi ba.

Da muka fito, matan da ke bakin rijiya suka hango mutum huɗu ɗauke da gado a kafaɗa, suka ajiye guga suka fara salati. Sai da Inna ta ɗaga musu hannu ta ce da ransa.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawo irin wannan ba, ko da yake na sha bin hanyar. Yashi ya jiƙe, ƙafa tana nutsewa. A fadama ruwa ya kai cinya, mazan suka ɗaga gadon sama da kawunansu, suna taku ɗaya-ɗaya. Duk girgizar da gadon ya yi sai Baba ya yi nishi. Daga baya ya daina, kuma shirun ya fi nishin wuya. Ina goye da jaririya, ƙwaryar fura a kaina. Inna tana riƙe da buta da ludayi, duk inda aka sauke shi don a huta sai ta ɗura masa fura, ta gangaro ta gefen bakinsa, ta share, ta sake. An sauke shi ya fi sau goma. Sai bayan azahar muka shiga Cadawa.

Garin yana cikin hidima. An jera yaran lakol, wato makarantar boko, a fili, malaminsu yana koya musu wata waƙa da Faransanci, suna yi suna sakewa. Wasu mutane suna shafa farar ƙasa a duwatsun bakin hanya. Wani ya ce mana saura kwana kaɗan a yi bikin samun 'yancin kai. Mutanen ukun da suka taimaka mana suka sauke gadon a barandar likita, suka sha ruwa, suka yi mana fatan sauƙi, suka juya. Ban ga laifinsu ba. Sun ba mu wuni guda na tsakiyar damina.

Likitar ɗaki biyu ce da rufin kwano, mutane zaune a ƙasa suna jiran layi. Mai kula da ita, wanda ake kira majo, baƙin mutum ne dogo, farar rigarsa ta sha wanki har ta yi shara-shara. Ba ɗan ƙasarmu ba ne, Hausarsa tana da wani ɗan karkace. Da ya ga gadon sai ya bar wanda yake dubawa ya fito. Ya durƙusa, ya ɗaga rigar Baba, ya dubi tsagar ƙahon. Ya ɗora tafin hannunsa a cikin a hankali, sannan ya kara kunnensa ya daɗe yana saurare.

"Inna, tun yaushe?"

"Ai ya daɗe da shi. Ya fi shekara ashirin."

"Ba wannan nake tambaya ba. Yaushe cikin ya yi tauri haka?"

"Shekaranjiya da hantsi," in ji Yaya.

Majo ya runtse ido, ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya tambaya ko Baba ya taɓa aman jini ko baƙin abu. Na ce ya yi. Ya tambaya ko yana shan wani magani. Yaya ya zaro ƙunshin ƙwayoyin daga aljihun Baba. Majo ya buɗe, ya duba, ya sa a aljihunsa.

Bai yi mana faɗa ba. Da ya yi, ina jin da ya fi mini sauƙi. Ya ce abin da Baba yake da shi tun da daɗewa gyambo ne a cikin tumbi. Baƙin aman da baƙin bayan gidan jini ne da gyambon yake zubarwa a hankali, shi ya sa ya yi fari. Ƙwayoyin nan suna kashe ciwon ƙugu, amma suna ƙara cin gyambon. Shekaranjiya gyambon ya huda, abin da ke cikin tumbi ya zubo inda bai kamata ba. Lafawar da ya ji da la'asar ba sauƙi ba ne, haka ciwon yake yi kafin ciki ya ruɓe.

"Nan ba ni da abin da zan yi masa," ya ce. "Sai Maraɗi, sai an buɗe an ɗinke. Daga yanzu kar a ba shi komai ta baki. Ko ruwa."

Inna ta dubi ludayin da ke hannunta.

Ya yi wa Baba allura biyu, ya shiga ya rubuta takarda. Ni aka tura in karɓo. Yana rubutu yana magana, ba ya dubana, kamar mai maimaita abin da ya faɗa sau ɗari.

"Yawancin ciwon ciki a gida yake warkewa, ban hana ba. Amma in ya zo farat ɗaya mutum ya kasa motsi, ko ciki ya yi tauri, ko ya kumbura ba kashi ba iska, ba a kwana da shi. Haka in an ga jini ko baƙin abu, ta sama ko ta ƙasa. Haka mace in ta yi ɓatan wata, mara ta soke ta gefe ɗaya, tana ganin jiri. Ke yarinya ce, ki riƙe. Manyan na gaji da gaya musu."

Likitar ba ta da mota. Sai dai a tsaya bakin hanya a jira kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Maraɗi. Yaya ya tsaya har rana ta faɗi, ba abin da ya wuce sai jakuna da raƙumi ɗaya. Aka ce ruwa ya yanke hanya ta gabas. A barandar muka kwana. Da safe wata kamyo ta zo ɗauke da fatu da buhuna, majo da kansa ya fita ya tare ta ya yi magana da direban. Aka kwantar da Baba a kan buhunan, muka zauna kewaye da shi muna riƙe shi kada ya gangara. Warin fatun da girgizar hanyar sun sa ni ma na yi amai. Jaririya ta yi kuka har ta gaji ta yi barci.

Wannan ne zuwana Maraɗi na farko, kuma ban ga komai na garin ba sai katangar babbar likita da wata bishiyar da muka zauna ƙarƙashinta. Lokotoron, mai yi wa mutane tiyata, Bature ne, yana da tafinta. Ya karanta takardar majo, ya taɓa cikin Baba, ya tambayi kwana nawa. Da aka gaya masa sai ya ɗaga yatsu huɗu yana duban Yaya, kamar yana son ya tabbatar. Tafintan ya ce lokotoro ya ce zai gwada, amma jikin tsohon ya yi rauni ƙwarai, kar mu sa rai da yawa. Yaya ya dangwala yatsa a takarda. Aka shiga da Baba.

Mun zauna daga azahar har bayan la'asar. Inna tana jan carbi, Yaya yana zane a ƙasa da tsinke yana sharewa. Wata mata da take jinyar ɗanta ta miƙo mana dambu a ƙwarya, muka ci don kar mu mayar mata da hannu.

An fito da shi da rai. An sa masa roba a hanci, an rataye kwalbar ruwa tana ɗiga cikin hannunsa. Washegari ya farka, ya gane mu. Bai tambayi inda yake ba, ina jin ya gane. Ya dubi Yaya ya ce, "An yi ruwa a gida?" Yaya ya ce bai sani ba. Sai ya ce, "Uwata, ƙishirwa." Ma'aikatan sun hana, sun ce ɗinkin zai lalace, ruwan kwalbar ya ishe shi. Na jiƙa bakin zanena na shafa masa a leɓe. Ya tsotsa, ya sake cewa ƙishirwa. Haka muka yi kwana biyu. Inna takan fita waje in ya fara roƙo, don ba ta iya ji.

Ya cika da hantsi a rana ta uku. Ni ce a gefensa, Inna ta je wanke ƙwarya. Ba wani abu ya yi ba, numfashin ne ya yi ta nisa da juna har na jira na gaba bai zo ba. Daga cikin gari ana jin ganguna da guɗa tun safe. Sai daga baya na yi tunanin ko bikin 'yancin kan da aka yi ta shiri ne, ko kuwa jajiberinsa ne. Ban tambaya ba.

Ba yadda za a yi a mai da shi gida a wannan zafin da wannan hanyar. Mutanen wani masallaci da ke kusa, waɗanda ba su taɓa ganinsa da rai ba, su suka yi masa wanka da sutura, suka sallace shi, suka kai shi. Yaya ne kaɗai namu a cikinsu. Ya dawo ya ce an sa shi kusa da wata aduwa.

Da muka koma ƙauye ciyawa ta rufe gonar gabas, gero ya yi rawaya a ƙarƙashinta. Bayan addu'ar bakwai maƙwabta suka yi mana gayya suka nome biyu, ta ukun aka bar ta. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma ina jin abin da suke cewa in sun juya: da an bar shi a ɗakinsa da ya cika cikin danginsa, an je an yanka shi a banza. A ƙauyen an daɗe ana ba da labarinsa a matsayin wanda likita ta kashe. Ban da bakin gyara musu, kuma ban da ƙarfi.

Inna ta shiga takaba. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba. Abin da take maimaitawa ga duk wadda ta zauna kusa da ita shi ne ya tafi da ƙishirwa, ga ruwa a buta. Ni kuma ban taɓa ce mata ai na nuna miki baƙin aman ba. Muna tsakar gida ɗaya, muna cin tuwo a ƙwarya ɗaya, maganarmu ba ta wuce miƙo wannan, ɗauki wancan. Bayan arba'in mijina ya zo ya tafi da ni, na tafi ina jin kunyar yadda na ji daɗin tafiyar.

Inna ta ci gaba da ba da jiƙonta har ta tsufa. Matar Yaya ce ta gaya mini cewa Inna ta sake wani abu ɗaya. Duk wanda aka kawo, sai ta kwantar da shi ta ɗora hannu a cikinsa tukuna, ta tambayi launin abin da yake fitarwa. Wani lokaci ta janye hannun ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku wuce da shi Cadawa yau." Wasu su tafi, wasu su wuce wurin wani mai maganin. Ba ta taɓa faɗin inda ta samo wannan ba, kuma in aka yi zancen likita a gabanta, har ta rasu, cewa take yi wurin da ake hana mutum ruwa ne.

Bayan shekaru da yawa, lokacin da 'yar tawa ta yi aure a Maraɗi, na roƙi Yaya ya raka ni mu ga inda aka sa Baba. Shi ma ya tsufa, gwiwa ta dame shi. Muka hau amalanke har bakin maƙabartar, na tsaya daga waje, shi ya shiga. Ya daɗe yana zagayawa. Ya fito ya ce wurin ya cika ya ninka, aduwa kuma ya ga uku, bai san wacce ba ce. Muka tsaya nan bakin hanya muka yi addu'a muna fuskantar wurin gaba ɗaya. Rana ta yi zafi, mai amalanken yana jira, muka hau muka koma.